Gadar da Kawu Illo Ya Haramta

Ku da kuka san Kawu Illo mai gyaran rediyo na bakin kasuwar Mayahi, kun san ba a miƙa mashi abu ya karɓa kamar mutane. Sai ya ɗaga shi sama, ya kanne ido guda, ya duba da hasken rana, sannan ya ja tsaki. Ko ƙosai aka ba shi haka yake mashi. Ni ɗiyar ƙanwarshi ce, kuma wallahi har yau in na tuna wahalar da ya ba ni sai raina ya ɓaci.

Shekarar da nake koyon aikin lantarki a Tasawa, aka ce kowa ya haɗo plaket ta cajin batirin sola, wanda tashi ba ta yi aiki ba ya maimaita shekara. Plaket ɗan allo ne mai jan ƙarfe a gefe guda. Nan ake zana hanyoyin wuta, asid ya cinye sauran, kayan haɗi kuma su zauna a ɗaya gefen. Inna ta ce in tahi wurin yayanta ya koya mani. Kaico!

Ranar farko ya hana ni taɓa takarda. Wai in zana a ƙasa. Na durƙusa gaban shago ina jan layi da tsinke, masu wucewa na tambaya ko bugun ƙasa na koma. Ina gab da gamawa akuyar mai waina ta ratsa ta tsakiya.

"Kawu, dubi ta ɓata mani!"

"Ta gyara maki dai. Inda ta bi ya fi naki gajarta."

Da aka zo kan plaket, na zana, asid ya ci, na huda ramuka da allura har yatsuna suka kumbura. Shi kuwa yana zaune yana taunar goro yana kallona. Da na zo saka wata ƴar baƙar aba mai ƙafafu da yawa da ake ce ma pis, sai kowace ƙafa ta faɗa wurin da ba nata ba. Ashe na zana ta yadda nake ganinta daga sama, alhali jan ƙarfen yana ƙasa, sai an juya zanen.

"Kawu, ka ga wannan tun farko?"

"Tun layin farko."

"Shi ne ka yi shiru?"

"Da na faɗa, da kin manta. Yanzu ko daga barci aka tashe ki kin sani."

Mugu! Ranar ko tuwon gidanshi ban ci ba.

Babbar rigimar kuwa a kan gada ce. A plaket ta biyu hanyoyi biyu suka sarƙe, dole guda ta tsallake guda. Kowa a duniya guntuwar waya yake ɗorawa ta sama, a ce mata gada, a wuce wurin. Ban da Kawu.

"Gada? A shagona? Garke ba ya tsallake gona, burtali ake hitar mashi. Zagaya!"

Na zagaya, na tare wata hanyar. Na sake zagayawa, na tare biyu.

"Kawu, malaminmu ya yarda a sa!"

"Malaminku rago ne."

Ya kwashe duk wayoyin shagon ya zuba a aljihu. Ga jarrabawa ta zo, ga plaket saura haɗi guda tal, shekarata tana neman lalacewa saboda taurin kan tsoho. Na wurgar da ita kan tebur, na ce ya dafa ya ci, na yi gida ina kuka.

Washegari ina tasha zan koma Tasawa hannu wofi, sai ga shi yana haki. Ya miƙo mani plaket a naɗe cikin tsumma. Ina buɗewa na ga wani ɗan abu a kwance daidai inda muka yi faɗa: waya ce ya zura cikin ƴar roba, har da baƙin zobe ya zana mata.

"Kawu, wannan ai gada ce!"

"Ke, kama bakinki! Rezistans ce, mai rage ƙarfin wuta."

"Mai ƙarfi nawa?"

"Babu ko ɗaya."

"To rezistans da ba ta tare wuta ai waya ce aka sa ma riga!"

"To mai riga ce. Ni ban taɓa sa gada tsirara ba."

Plaket ta yi aiki, na ci jarrabawa, shi kuma har ya koma ga Allah bai amsa cewa gada ce ba. Abin da ban faɗa ma kowa ba shi ne abin da na gani a tasha. Lokacin hannunshi ya daɗe yana rawa, ya ma bar liƙi da dalma. Da ya miƙo mani tsumman, babban yatsanshi duk ƙunar ƙarfen liƙi ce, ya yi maza ya sa shi aljihu.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yafe maka, ni ma na yafe. Allah ya tsallakar da kai siraɗi cikin sauƙi, kada a ce maka zagaya.