Shekarar da Ƙungiyar Yaya Take Sake Gini

Ni dai ban taɓa son ƙwallon Amurkawa ba, kuma har yau ba ta kwanta min a rai ba. Ƙwallo ce mai siffar gwanda, ƙarti sanye da hular kwano suna ta turereniya a kanta, a ɗan yi gudu a zube, a tashi a haɗa kai a yi ƙus-ƙus, a sake zubewa. Sunanta ƙwallon ƙafa, amma a hannu ake rungume ta. Duk da haka akwai shekarar da na shafe watanni ina roƙon Allah ya ba wata ƙungiya ta can nasara, ƙungiyar garin da ban taɓa takawa ba, kuma duk saboda yayana ne.

Yaya ya tafi Amurka karatu tun ina firamare. Karatun bai ƙare ba, zama ya miƙe. Ya yi shekaru yana tuƙin motar haya, ya auri wata 'yar ƙasar, suka haifi ɗa namiji guda ɗaya, auren ya mutu yaron yana ƙarami, uwar ta tafi da shi. Abin da ya rage tsakanin uba da ɗa shi ne ranar Lahadi: ya je ya ɗauko shi su kalli wasan ƙungiyar garinsu, ya mayar da shi. A haka yaron ya girma har ya kama aiki. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Yaya, sai ya kafe cewa shi a gida zai yi jinya. Muka ɗauko shi daga filin jirgi a Kano, muka sauke shi a ɗakin da ke kusa da zaure a gidan mahaifinmu a nan Wudil, inda nake zaune da iyalina. Hannu da ƙafa na dama sun tafi, harshe ya yi nauyi, kalma sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito.

Shekarar farko Lahadin ba ta yanke ba. Da an shiga kakar wasa, wajajen magariba a nan, wayata za ta yi ƙara. Ɗan Yaya ne, yana can falonsa da rana tsaka. Sai ya juya wayarsa ta fuskanci talabijin, ni kuma in jingina tawa da filas ɗin shayi a gaban Yaya. Hoton yana yankewa, ƙartin suna zama kamar tururuwa, amma su biyun ko a jikinsu. Ɗan yana ihu daga can, uban yana buga katifa da hannun hagu daga nan. Ba su taɓa yin wata hira ta daban ba, ban taɓa jin an tambayi aure ko aiki ba. In maƙwabta suka shigo dubiya a wannan lokaci suka ɗauko gaisuwa tun daga gajiya har zuwa iyali, sai ka ga Yaya yana amsawa da ka, idonsa yana kan filas. Ni abin haushi yake ba ni, amma duk mako ba na ganin fuskarsa ta sake sai a wannan sa'a.

Hausar ɗan nan ba ta wuce “Baffa” da “sannu” da “na gode” ba. Kafin ya juya wayar yakan tambaye ni da Turanci yaya jikin babansa. Ni kuma in ɗauki amsar da muke bayarwa, da sauƙi, in juya ta da Turancina na ofis in ce masa yana samun sauƙi. A wurinmu ko an fara yi wa mutum kalmar shahada a kunne, wanda ya tambaya da sauƙi za a ce masa, kuma kowa ya san abin da ake nufi. Bai taɓa zuwa min a rai ba cewa shi a can labari yake ɗauka.

Da shekara ta zagayo, ana cikin damina, ya kira ransa a ɓace. Wai ƙungiyar ta sallami tsohon mai jefa musu ƙwallo, wanda su biyun suka daɗe suna ji da shi, ta rabu da manyan 'yan wasanta, ta cika fili da sababbin yara. Ya ce bana shekarar sake gini ce. Ni malamin gona ne, ƙauyukan Dagumawa da Darki nake zagayawa, na san sake gini sarai. Katanga ta sha ruwa ta zube da damina, ana ɗauke ruwa a tara ƙasar da ta faɗi, a jiƙa, a kwaɓa da ciyawa, a ɗora ta inda take. Maƙwabta su kama, kafin ka ankara an gama. Da ya kashe waya na ce wa Yaya ya kwantar da hankalinsa, kafin a yanke dawa sun miƙe. Ya dube ni ya yi murmushi da ɓarin fuskar da ke motsi.

Lahadin farko aka lallasa su. Ta biyu ma haka, ɗan ya kashe wayar tun ba a je hutun rabin lokaci ba. Ta uku sai saƙo ya shigo: ba zai iya kallon wannan abin kunyar ba, a gaida Baba. Daga nan shiru.

Yaya bai daina shiri ba. Duk Lahadi da la'asar zai sa a yi masa wanka, a sa masa farar jallabiya da hula, a tayar da shi zaune a jingine da filo. Ya yi sallar magariba a zaune, ya juya ya fuskanci filas. Ni kuma in zauna a bakin ƙofa da waya a hannu, ina duba ko caji ne, ko sabis ne ya ɗauke, alhali na san babu ko ɗaya. Har a kira isha'i. Sai ya ɗaga hannun hagu ya cire hular da kansa ya ajiye, in kwantar da shi. Na sha fita tsakar gida ina zagin yaron nan a zuciyata, in dawo in zagi ƙungiyar, in rasa wanda zan kama.

Ana cikin haka ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi ya soma yi masa wuya in ya kwanta. Muka kai shi asibiti a Kano. Likita ya ja ni gefe ya ce zuciyar ta gaji, magani sai dai ya rage wahala, duk mai son ganinsa gara ya zo ya gan shi. Na dawo ɗakin ina ta fara'ar ƙarya, amma mutumin da ya yi shekaru yana karanta fuskar fasinja ta madubi ba ni zan ɓoye masa ba. Muna kan gadar Wudil a hanyar dawowa ya damƙi gwiwata.

“Kar ka... gaya masa.”

“Haba Yaya, ɗanka ne fa. Haƙƙinsa ne ya sani.”

Ya daɗe yana fama da harshen. “In ya kira... don ni... nake so. Ba don... tausayi ba.”

Na ce wannan ai taurin kai ne, har direba ya waiwayo. Bai saki gwiwata ba sai da na ce na yi alkawari. Yayana ne, ban taɓa tsallake maganarsa ba yana da lafiya, ba zan fara ba yana kwance.

To me ya rage min? Ba zan faɗa ba, Yaya ba zai kira ba, yaro kuma ba zai kira ba sai ƙungiya ta yi abin kirki. Lissafin da na yi ke nan, kuma ban ga wata ƙofa ba. Na je gidan kallon ƙwallo na bakin kasuwa na tambaya ko suna nuna ta Amurkawa. Samari suka kwashe da dariya, wani ya ce, “Baba, dambe kake nema ko kokawa?” Mai gidan ne ya tausaya min, ya karɓi wayata ya saita min inda zan riƙa ganin sakamako yana sauyawa ana cikin wasa. Ba hoto, lambobi ne kawai a gefen sunaye biyu. Haka na koma duk Lahadi ina zaune a gaban Yaya ina karanto masa yadda ake cin mutanensa. Ya ji, ya gyaɗa kai, kamar wanda ake gaya wa farashin hatsi.

Na shiga sadaka. Duk Juma'a maiɗakina ta soya waina a kai masallacin unguwa. Liman ya tambaye ni wace buƙata ce za a sa a addu'a, kunya ta kama ni, na ce wasu mutanen Yaya ne a ƙasar waje ake ta danne su, muna fatan Allah ya ɗaga su. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, jama'a suka shafa. Maiɗakina ta ce a tarihin Wudil ba a taɓa ɓarnar shinkafa irin wannan ba, tana faɗa tana share ido da gefen mayafi. Dawa ta nuna aka yanke, aka sussuke, aka zuba a rumbu. Katangar Amurka tana nan a ƙasa.

Wasan ƙarshe ya zo cikin sanyi. A lokacin Yaya ba ya iya zama sai an tokare shi da filo ta ko'ina, amma ya sa an sa masa hular. Na fara karanto lambobi ba tare da wani fata ba. Sai na ga namu suna gaba. Na goge fuskar wayar da hannun riga na sake dubawa. Aka kamo su, suka sake wucewa. Na miƙe tsaye, na kasa zama, ina kaiwa da komowa tsakanin ƙofa da katifa, ni da ban san dokar wasan ba ina ta salati. Da lambobin suka tsaya aka rubuta an tashi, na ƙwala kabbara har maiɗakina ta fito da gudu ba takalmi, ta zaci abin ne ya faru.

“Yaya, sun ci! Wallahi sun ci!”

Na ga hawaye a idonsa, na ɗauka na murna ne. Yana girgiza kai yana cewa a'a, a'a, ni kuwa na riga na danna kira, na buɗe murya yadda zai ji.

Ɗan ya ɗauka. Na yi masa barka da duk Turancin da nake da shi. Ya yi wata dariya marar daɗi.

“Baffa, barka da me? Sun kashe mu ne yau.”

Ya yi min bayani a gajarce, kamar mai magana da ƙaramin yaro. A tsarinsu, ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a shekara ita ake ba wa damar fara zaɓe a cikin sababbin 'yan wasan da ke fitowa daga jami'o'i. Akwai wani matashi mai jefa ƙwallo da kowa yake rububi, kuma duk kayen da aka sha tun damina don a same shi ne. Da sun faɗi yau, nasu ne. Wannan nasarar ta miƙa shi ga wata ƙungiya. Sake gini a wurinsu, in ji shi, a rushe ne har ƙasa da gangan, a zubar da tsohuwar ƙasar, a jira.

Na tsaya riƙe da waya. Ashe abin da na yi ta ciyar da masallaci a kansa shi ne abin da ba sa so. Yaya ya sani tun ranar farko.

“Ya jikin Baba?” in ji shi.

Na dubi Yaya. Ƙirjinsa yana hawa da sauka da ƙyar, idonsa a kaina, bai ƙifta ba. Maganar likita tana bakina, na ji ɗacinta. Na buɗe baki na ce yana samun sauƙi.

“Madalla, na ji daɗi. Yana jina? Baba, bana ta wuce, baɗi ma kar ka sa rai. Ka ba su shekara uku. In sun haɗa ƙungiya ta gaske zan zo da kaina har Wudil ɗin nan, in kawo babbar talabijin, mu kalla tare. Na yi maka alkawari.”

Yaya ya yi min alama in matso da wayar. Na durƙusa na kai ta bakinsa. Ya tattara numfashi, ya yi ta juya harshe, na zaci Turanci yake nema. Da Hausa ta fito, kuma ban ji ya faɗi wata magana sarai haka ba tun dawowarsa.

“Allah ya kai mu.”

Can ɓangaren yaron bai san me aka ce ba, bai san ana amsawa da amin ba. Ya ce, “Baffa, me ya ce?”

Ni na ce amin. Sannan na gaya masa babansa ya ce to, yana jira.