Injin da Hajiya Ta Rufa wa Bargo

Gidan da muka kama haya a bayan garin Guangzhou yana da ɗan wurin ninkaya a tsakar gida. Ni ko yatsa ban taɓa sawa a ciki ba. Tsakanin sayen kaya a Shahe da rigima da masu kago, masu yi mana jigilar kaya, a Tianxiu, ina na ga lokacin wasan ruwa? Sai da mahaifiyata ta zo aka yi mata aikin gwiwa sannan wurin ya yi rana. Likita ya ce kullum ta riƙa tafiya cikin ruwa mai ɗumi, in ba haka ba gwiwar za ta sandare. Ita kuwa Hajiya burinta ɗaya: ta daina salla a kujera, goshinta ya taɓa ƙasa kafin azumi.

Da farko cewa ta yi ita ba agwagwa ba ce. Daga baya sai an roƙe ta take fitowa daga kududdufin, kamar yadda take kiransa, da zaninta jagab.

Ana haka sanyi ya sauko, injin ɗumama ruwan ya ce shi ma ya gaji. Ga bikin sabuwar shekarar mutanen ƙasar ya kama, gari ya watse. Duk mai gyaran da na kira sai "meyo, meyo", wato babu, kowa ya tafi ƙauyensu.

Sai maigidana ya naɗe hannun riga. Mutumin da ko ƙwan fitila ne ya mutu sai ya nemi mai sa masa! Ya samo sukudireba, ya jingine waya yana kallon yadda ake kwance irin injin. Abin mamaki, kullum da safe in ya tsuguna ya yi 'yan ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashensa, sai fanka ta tashi, ruwa ya soma ɗumi. Kafin la'asar inji ya sake mutuwa, ruwa ya koma kamar na randa. Hajiya ta daina shiga, ta koma jan ƙafa. Raina ya ɓaci, na sauke a kansa.

"Alhaji, don Allah gyara kake yi ko tofi?"

Ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da juya sukudirebarsa.

Ran nan bayan azahar na leƙa ta taga, sai ga Hajiya tana dogara sanda, da bargo a kafaɗa. Ta lulluɓe injin ruf, ta cusa gefe-gefen, har da ɗora bulo.

"Hajiya! Me kike yi haka?"

"Ke rufe min baki. Abu mai tsada kun bar shi tsirara cikin sanyi da yayyafi, ba dole ya mutu ba? Keken ɗinkina ya girme ki, don ina rufe shi ne."

Gaskiyarta, a gidanmu na Kano har rediyo tana da mayafinta. Amma wannan injin iska yake zuƙa, ya tatsi ɗuminta ya ba ruwa. Hajiya hanci take toshe masa.

Na ruga in gaya wa Alhaji. Ashe bawan Allah ya sani! Tun farko shi ke yaye bargon da safe, sannan ya yi ta buga sukudireba don kada a gane.

"To me ya hana ka magana?"

"Haba, surukata ce fa. Da wane bakin?"

Wallahi na rasa dariya zan yi ko in jefe shi da bulon. Gwiwa na sandarewa, shi yana nan yana kunya.

Ni dai 'yarta ce, na faɗa mata tas. Ta ce ita ba ta taɓa jin ƙarfe mai numfashi ba. Da ƙyar muka daidaita: ɗan ƙyallen leshi a samansa, wajen fanka a bar shi a buɗe. Ruwa ya yi ɗumi, ta koma kududdufinta tana mita.

Jajibirin azumi na shiga ɗakinta da la'asar, na tarar da ita a ƙasa, goshi kan darduma. Ta daɗe har gabana ya faɗi, na ce ko maƙalewa ta yi. Da na ji tana kabbara tana ɗagowa, sai hawaye suka zubo min. Ta sallame, ta dafa bango ta miƙe, ta ɗauko bargon nan ta lulluɓe kujerar sallar.

"Tura min ita lungu," in ji ta, "kada ta yi ƙura."