Surukina da sarauniyar da ta gudu a kwalekwale

Jama'a, jiya na ga ta kaina!

Ina kishingiɗe a falo ina kallon wani fim ɗin zamanin da, daidai inda matar sarki ta faɗa kwalekwale za ta gudu da mai gadin fada, sai ga sallamar surukina. Tsohon masunci ne, daga Dagona ya zo Gashuwa duba jikokinsa.

Na durƙusa ina gaisuwa, hannu ɗaya na laluben rimot, su kuwa masoyan sai zuba kalamai suke. Kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Kar ka kashe!" in ji Baba.

A raina na ce shi ke nan, yau ɗiyarsa zai tafi da ita.

Ya ƙura wa talabijin ido. "Dubi yadda sakaran nan ya riƙe filafilin tuƙi! Wallahi ba za su tsallake ba."

Ai kuwa aka cafke su a tsakiyar ruwa.

Baba ya yi tsaki ya juyo. "Kai fa, Malam Bukar, ka iya tuƙi?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ce ranar Asabar yana jirana a bakin ruwa, zai koya mini tuƙin kwalekwale. Shekara tara da aure, ashe ban gama cin jarrabawa ba. Wa zai ara mini rigar iyo?