Gwangwani Uku Cikin Akwatina

Ban taɓa hawa jirgin sama ba sai da autata ta haihu. Mijinta yana koyarwa a wata ƙasar Larabawa, can suke zaune, babu dangi ko ɗaya kusa da su. Tun cikin yana wata bakwai aka gama mini fasfo da biza, ana sauka lafiya kuma surukin nawa ya aiko da tikiti, ya ce in zo in riski suna, in zauna mata jego. Lokacin ban daɗe da ajiye aikin unguwarzoma a ƙaramin asibitin garinmu na Kudan ba.

Kwana biyu na yi ina haɗa akwati. Na zuba kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa, da yajin jego da na daka da hannuna, da mazarƙwailar da ƙanena ya sayo mini a Makarfi, kowanne cikin leda biyu. Na sha jin labarin yadda ake farke jakar matafiyi a hanya, don haka na tanadi kwaɗo biyu da sabon buhu da basilla da igiya.

Ina shirin rufewa sai maƙwabciyata ta yi sallama. 'Yar kasuwa ce, jirgi ya zame mata kamar motar Zariya, kusan kowace shekara sai ta ƙetare ta sayo atamfa da turare. Katanga ɗaya ta raba mu, kuma 'ya'yanta huɗu a hannuna suka faɗo duniya. Bayan mun gaisa, ta yi mini barka, sai ta ciro gwangwanin madara uku manya daga cikin mayafinta, an naɗe bakinsu da salatif.

"Yaya, garin kuka ne, na wata ƙawata ce a can. Ki taimaka ki saka mini a ƙasan kaya."

"Hajiya, surukina fa ya ja mini kunne kada in karɓi saƙon kowa."

Ta yi dariya. "Ni ce kowa, Yaya? In sun tambaye ki, ki ce duk naki ne, in ba haka ba sai su ɓata miki lokaci a banza."

Kunya ta hana ni cewa a'a. Na tura su ƙarƙashin zannuwana, na danna kwaɗo biyu, na ɗinke akwatin cikin buhu, na ɗaure shi tamau, na rataya makullan a wuya. Da yamma ta turo mini saƙon murya a waya, tana cewa kada in manta da gwangwanayenta uku, mai karɓa zai kira ni in na sauka.

Washegari ƙanena ya kai ni filin jirgi a motarsa. Aka auna akwatin, aka liƙa masa takarda, ya bi ta kan wani bel mai jan kaya ya shige. Na zauna ina ta murna a raina. Ba a jima ba na ji ana kiran sunana a lasifika.

Wata jami'a ta kai ni wani ɗaki. Ga akwatina a kan tebur. Ta ce na'urar da ke haska kaya ta nuna abin da ba su gane ba.

"Mama, ke kika haɗa kayan nan da kanki? Akwai wanda ya ba ki saƙo?"

Na ce, "Duk nawa ne."

Har gobe wannan kalma tana ci mini rai. Suka sa reza suka yanke ɗinkin da na ɓata rabin yini ina yi. Na ciro makullan na buɗe akwatin. Suka fito da kayana ɗaya bayan ɗaya a gaban maza, har da na ciki. Da aka zo kan gwangwanayen, jami'ar ta fasa na farko ta juye a faranti. Kuka ce a sama, kamar tafin hannu. Ƙasanta kuwa ƙwayoyi ne, katin magani a kan katin magani. Na yi shekaru a asibiti, kallo ɗaya na yi musu na san irin waɗanda samari ke sha su bugu ne.

Na roƙe su su bar ni in kira mai kayan. Aka sa wayar a bayyane kowa yana ji. Na ce, "Hajiya, ga ni a hannun hukuma saboda saƙonki." Ta ce, "Wane saƙo kuma, Yaya? Ni ban ba ki komai ba." Ta kashe.

Saƙon muryar nan ne ya fid da ni. Na tuna da shi, na kunna musu, suka saurara sau uku. Duk da haka sai da na kwana biyu a wajensu ana rubuce-rubuce, ƙanena yana zarya. Jirgi ya tafi. Ranar suna ina zaune a kan benci a ofishinsu, 'yata ta kira tana kuka, tana cewa, "Umma, an raɗa suna, ba kowa a gefena." Sai bayan mako uku na samu tafiya.

Da na dawo gida bayan arba'in, na tarar an zo an tafi da maƙwabciyar tawa, amma kwana kaɗan ta dawo, tana da masu tsaya mata. Har ta soma yaɗa cewa tsufa ne ya ruɗa ni, ban san wanda ya ba ni kaya ba. Maganar ta iso kunnena. Na daina gaishe ta, na zauna ina jiran rana.

Ranar ta zo da lokacin bitar maniyyata aikin hajji. Da ma duk shekara akan kira ni in yi wa mata bayanin kula da lafiya a tafiya. Ita kuma a nan kasuwarta take ci, takan baje jakunkuna da hijabai a bakin zauren, tana bin tsofaffi 'yan ƙauye da daɗin baki tana ba su saƙo. Na shiga na same ta ta shimfiɗa kayanta, har da wata tsohuwa daga Gazara a gefenta tana riƙe da ƙunshi.

Na yi bayanin ruwan sha da zafin rana kamar kullum. Da na gama sai na ce akwai sauran magana. Na gaya musu kowa ya haɗa kayansa da hannunsa, kada ya ɗinke jaka yadda jami'ai ba za su iya buɗewa ba, ya rufe ta a gaban idonsa, kuma ko uwarsa ce ta ba shi abu a rufe, ya buɗe ya gani. Sannan na ba su labarina tun daga farko, na ɗora wayata a bakin lasifika na kunna. Muryarta ta cika zauren. Ban kama suna ba, ba a kuma buƙaci in kama ba. Mata suka juya gaba ɗaya suna kallon bakin ƙofa. Tsohuwar nan ta ajiye ƙunshin a ƙasa kamar ta taɓa wuta. Na tsaya ina kallon Hajiya tana tattara jakunkunanta, ɗaya na faɗuwa tana ɗauka, kuma ba zan ɓoye ba, sanyi na ji har cikin ƙashina.

Ban tsaya nan ba. Na bi bitar Makarfi, na bi ta Ikara, da kuɗin motata. Kafin jirgin farko ya tashi, babu gidan maniyyaci da zai buɗe mata ƙofa.

Dattawan unguwa suka zo har ɗakina. Limaminmu ya ce, "Malama, haƙuri fa shi ne na mumini." Na ce, "Allah gafarta Malam, da na'urar can ba ta gani ba, da a ƙasar mutane za a kama ni, ka kuma san hukuncinsu. Da wa zai je ya ba 'ya'yana haƙuri?" Ya sunkuyar da kai, suka yi addu'a suka fita.

Bayan damina ta koma wajen yayanta a Saulawa. Sau ɗaya muka sake haɗuwa, a kasuwar Makarfi wajen masu tattasai. Ta rame. Ta durƙusa a gaban jama'a ta kama bakin hijabina.

"Yaya, don Allah ki yafe mini."

Na zare hijabina a hankali. Na ce mata maganarmu tana gaban Allah, can za mu ƙarasa ta. Na juya na ce wa mai tattasai ya auna mini kwano biyu.