Bayan Rigar Kaka

Kun dai san Anti Saratu tela. Ka miƙa mata tsohon hoto, sai ta juya shi ta leƙa baya, wai ko za ta ga yadda aka ɗaure rigar. Ni 'yar ƙanwarta ce, kuma a ɗakinta na unguwar Wangsa Maju, can ƙasar waje, kullen korona ya rutsa da ni. Na ga ta kaina!

Akwai hoton auren Kaka a cocin mishan na ƙauyenmu: farar riga, wuya har haɓa, ƙugu a matse, ba maɓalli ko ɗaya a gaba. Anti ta rantse sai ta ɗinka irinta sak in sa ranar aurena. Abu ɗaya ya hana ta sakat: ta ina Kaka ta shiga?

"Anti, ki sa zif mana."

"Zif? A zamanin Kaka? Ke Rifkatu, kuɗin makarantarki asara ne."

Shagunan yadi na titin Jalan Tuanku Abdul Rahman a rufe, sai ta sauke labulen falo ta yanka. Na ce maƙwabta na kallonmu. Ta ce, "Su kalla, su koyi sana'a."

Takunkumin fuska kuwa ba a yar da shi a gidan nan. Sai ta zare 'yar wayar hancin ta lanƙwasa ta yi ƙugiya. Ranar gwajin rigar na yi atishawa ɗaya, ƙugiyoyin suka watse, ɗaya har cikin miyar kuka. Ko a jikinta. "Ƙugiyata ba ta da laifi, abincin shagunan mamak na garin nan ne ya karɓe ki."

Na ce mu tambayi Gwaggo Tabita, ƙanwar Kaka, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga bikin. Anti ta ce atafau, in ta tambaya ina gwanintar? Sai da cutar ta kwantar da ita a asibiti ta bugo mini, numfashi da ƙyar: "To, tambaye ta. Amma kar ki ce ni na aiko ki."

Gwaggo ba ta da waya. Kafin a samu mai zuwa ƙauye ya naɗo muryarta, Anti ta riga mu gidan gaskiya, ko gawarta ba a bar mu mun gani ba. Na kunna saƙon ni kaɗai. Tsohuwa sai dariya take: "Wane maɓalli? Rigar aro ce ta matar Bature. A jikinta muka ɗinke ta da safe, da yamma muka farke."

Wayyo Anti! Da kin ji wannan, da kin ce ai dama kin sani. Abin nan yana mini ciwo har yau.

Ranar aurena Mama ce ta ɗinke ni a cikin rigar labulen da Anti ta yi, hawaye ya hana ta gani, tana ta soka mini allura.

Allah ya jiƙan Anti Saratu, Ubangiji ya ba ta hutawa a wurinsa. Amin.