Baba Sale na Lajawa, wanda ya ba ni gefen gonarsa

Da safen nan ina shirin fita ofis aka kira ni. Baba Sale na Lajawa ya rasu jiya da azahar, har an kai shi.

Ban je ofis ɗin ba. Na zauna a bakin gado da takalmi ƙafa ɗaya.

Waɗanda suka san ni a jami'a a nan Wudil sun san shekara huɗu nake fama da bincike a kan wata akeshiya da aka kawo irinta daga Ostareliya. Dangin bagaruwa ce, sai dai ba ta da ƙaya, ba ta tsayi sosai, kuma fari bai dame ta ba. Da nake neman gonar gwaji kowa ya ƙi. Wani ya ce me zai yi da itacen da akuya ma ba ta so.

Baba Sale ne ya kai ni gabashin gonarsa, inda iskar farkon damina ke binne masa gero da yashi duk shekara. Ya ce, "Malama Rifkatu, nan dama ba ya ba ni komai. Gwada."

Irin yana da taurin ɓawo, sai an zuba masa tafasasshen ruwa ya kwana kafin ya tsiro. A murhun matarsa, Inna Habi, muke tafasa ruwan. Mu cika leda da ƙasa mu uku, bayana ya riƙe, shi ko a jikinsa.

A shekara ta biyu na yi wa itatuwan aski, na sare su ƙasa da yawa. Layi guda cikin layukan da muka dasa ya mutu. Na tsaya a gonar mutane ina hawaye. Bai yi faɗa ba, cewa ya yi, "Baɗi ki sare daidai ƙugu. Zo ki sha ruwa."

Bai taɓa kirana ranar Lahadi da safe ba. Ya ce Malama tana coci.

Shekarar da ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, geron maƙwabta ya nannaɗe, nasa da ke bayan layin ya ɗan jure, don ganyen da ya zuba ya rufe ƙasa. Inna Habi ta daina tafiya nesa neman itacen girki. Ta koyi soya 'ya'yan itacen, ta niƙa, ta haɗa da garin gero ta dama kunu. Kullum akwai nawa a filas.

Ganinmu na ƙarshe da bazara ne, muna kaɗe 'ya'yan a kan tabarma. Na gaji a ranar. Na ce masa binciken ya ƙare, na miƙa rahoto, ban ma san ko wani zai karanta ba. Ya ci gaba da sheƙewa, can ya ce, "To, takardar taki ta ƙare. Su waɗannan har yanzu suna shan iska a madadina."

Sati biyu da suka wuce ya kira, wai mutane sun fara zuwa neman iri, in zo in nuna musu yadda ake jiƙawa. Muryarsa ta yi ƙasa, na ji, amma ina cikin makin jarrabawa. Na ce ranar Asabar, Baba. Asabar biyu suka wuce.

Yanzu na dawo daga gaisuwa. Inna Habi ta riƙe hannuna ta ce har ranar Talata yana cewa a share gindin darbejiya, Malama za ta zo koyarwa. 

Na gaji, wallahi. Amma na gaya wa mutanen su taru bayan addu'ar bakwai, zan zo.

Ya Allah, ka jiƙan Baba Sale, ka gafarta masa, ka ba Inna Habi da 'ya'yansa haƙuri. 'Yan'uwana Musulmi, ku yi masa addu'a yadda addininsa ya koyar, kun fi ni sanin kalmomin. Mu ma na coci, don Allah ku sa iyalinsa a taku. Ni kuma ku roƙa min Allah ya yafe min Asabar ɗin nan.