Sunan Inna a Takardar Ƙosai

Ban taɓa kiran mahaifiyata da sunanta ba, kuma ba zan fara yau a kan takarda ba. Inna muke ce mata. Da damina ta rasu, Allah Ya jiƙanta, shekara guda kafin abin da zan faɗa. Ranar sadakar uku maigidana ya yi mini alkawari ba tare da na roƙa ba, cewa in Allah Ya ba mu 'ya mace, sunan Inna za ta ci. Yana da dalilinsa. Lokacin yana ɗan makaranta ba shi da kowa a Jos, kwanon Inna ne ya riƙe shi, tun kafin kowa ya san zai zama surukinta.

Muna zaune a Gada Biyu, gidan haya, ciki da falo, wajen ƙarshen shekarun saba'in. Shi ma'aikacin injuna ne a wata babbar makaranta, a sashen da ake nazarin taurari. A shekarar ce wata jami'a ta ƙasar waje ta gaji da tsohuwar kwamfutarta, ta ba su kyauta. Girmanta ya kai kabad biyu na kaya, amma wai ita ce ƙarama a danginsu. Tare da ita aka aiko da faifan tef, faɗinsa kamar farantin shinkafa, a cikinsa akwai abin da jikokina ke kira manhaja, a lokacin firogiram ake cewa. Aka kuma aiko da Bature guda, na 'yan makonni, don ya nuna yadda ake ɗura firogiram ɗin a cikin injin.

Duk wannan a kan tuwo nake jinsa. Maigidana mutum ne mai ƙarancin magana, amma injin nan ya kwance masa baki. Ya ce akwai hotunan sama da aka ɗauka a kan gilashi, taurarin baƙaƙe, sararin fari. Injin ne zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya auna hasken kowane da mazauninsa, ya buga lissafin a takarda. Kafin ya iya haka kuwa sai an zauna gabansa an amsa masa tambayoyi kamar mai neman aure: ina ƙwaƙwalwarsa ta tsaya, wane inji aka haɗa masa, a wane gefen duniya Jos take. Aka yi kuskure ɗaya, a koma farko. Aka ɗauke wuta, a koma farko. Ni ina da tsohon ciki, ina jin daɗin labarin, don na yi sakandare kuma ina son lissafi. Har addu'a nake yi wa injin, Allah Ya sa a gama lafiya. Ban san me nake wa addu'a ba.

Akwai ƙawata 'yar Anguwan Rukuba, Kirista ce, tare muka yi makaranta. A sashen take aiki, ita ke huda katunan da ake ciyar da injin da su. Wata Asabar da rana ta biyo ta gidanmu da dankali a leda, ta zauna tana taya ni tsintar shinkafa.

Ta ce, "Kada ki jira oganki, ba zai dawo da wuri ba. Wance ta yi zafi tun safe, sai da aka kawo mata fanka biyu."

Inda na rubuta wance, sunan Inna ta faɗa. Tsurarsa, ba Hajiya, ba marigayiya.

Na ce, "Wa ya yi zafi?"

Ta maimaita. "Injin mana. Ai sunansa ke nan. Oganki ne ya sa masa."

Ba ta san sunan Inna ba, ta ina za ta sani, tunda ba wanda ke faɗarsa. Da ta ga fuskata ta ajiye tire, na gaya mata. Ta dafe ƙirji ta ce, "Ki yafe ni, 'yar'uwa. Mu ma ba mu kiran sunan mama haka."

Da la'asar ya dawo, na bari ya yi salla ya ci abinci. Sannan na ce, "Malam, wane suna ka sa wa injinku?"

Ya ɗan yi murmushi, irin na wanda aka gano kyautar da yake ɓoyewa. Ya ce a cikin tambayoyin akwai inda injin ke neman a raɗa masa suna, gajere, kada ya wuce haruffa shida. Baturen ya ce a ƙasarsu sunan wanda ake ƙauna ake sawa, ya ja kujera baya, ya ce maigidana ya zaɓa tunda shi ya sha wahalar. "Na duba duk duniya ban ga wanda ya fi Inna ba."

"Kai, surukinta, ka ambaci sunanta a gaban mutane?"

"Ai ban faɗa da bakina ba. Da yatsa na buga."

Da ba ni da ciki ina jin da na tashi na bar masa ɗakin. Mutumin da ko takalmin Inna ya gani a bakin ƙofa sai ya rage murya, yau shi ne ya ɗauki sunanta ya miƙa wa ƙarfe, wai da yatsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san da zuciya ɗaya ya yi. Da mugunta ce da na san inda zan ajiye fushina.

Na ce ya cire. Ya ce ba kamar goge allo ba ne. Sunan ya shiga ko'ina a cikin firogiram ɗin tun daga tushe, kamar gishiri a miya, kuma kowace takarda injin ya buga, sunan ne a samanta da manyan baƙi. Cire shi sai an rushe komai an sake ɗurawa daga faifan. Faifan kuma tsoho ne, duk zagayen da ya yi sai ya zubar da wani jan gari, ana bi da auduga ana gogewa. Baturen ya riga ya koma, kuma kafin ya tafi ya yi gargaɗi kada a sake ɗora faifan sai dole.

Na ce, "To, ga dole ta zo."



Bayan 'yan kwanaki ina dawowa daga awo, kwaɗayin masu ciki ya tsayar da ni wajen mai ƙosai a bakin gada. Ta zuba mini a wata takarda mai faɗi, mai layi-layi kore da huji a gefe. Ina buɗewa na ga sunan Inna, mai ya jiƙa shi har ana ganin yatsana ta baya. Ƙarƙashinsa lambobi ne jere. Na duba ƙasa, ga irin takardar nan a kwata, ga wata an take da taka, wata akuya na tauna. Ashe masu shara ne ke kwaso takardun da aka gama da su suna sayar wa masu tuya. Matar da ba ta taɓa fita tsakar gida ba kallabi ba, ga sunanta a kwatar Gada Biyu. Na durƙusa da cikina na tsince waɗanda hannuna ya kai, mai ƙosai tana kallona tana tambaya ko kuɗi ne suka faɗi. A gida na ƙona su a murhu. Ƙosan ban iya ci ba.

Washegari na yafa gyalena na tafi makarantar, abin da ban taɓa yi ba. A ƙofar ɗakin injin sai ga takalma jere kamar bakin masallaci. Wai saboda ƙura. Na tuɓe nawa na shiga. Sanyin ɗakin ya fi na Jos ɗin kanta, ga ƙugi ba tsayawa, faifai biyu na juyi a bayan gilashi. Wasu samari 'yan makaranta suna tsaye a kan injin buga takarda, ɗaya yana ce wa ɗaya wance ta cika nawa yau, sai an lallaɓa ta. Ɗayan ya ce tsufa ne. Suka yi dariya. Sun san su tuɓe wa ƙarfe takalmi, amma ba wanda ya tambayi sunan uwar wa yake taunawa.

Maigidana ya gan ni, ya rasa inda zai sa kansa. Ya kai ni wajen ogansu, wani Dakta mai fara'a, wanda ya ba ni kujera ya sa a kawo mini lemo. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Madam, ai girmamawa ce. Takardun nan har ƙasar waje muke aika su. Sunan mama zai je inda ni da ke ba mu je ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ya riga ya je kwata."

Ya ce zai hana masu shara. Amma batun sake ɗurawa, ba zai yiwu ba. In faifan ya tsinke, babu wani a ƙasar nan, kuma aikin ɗalibai na shekara yana kan injin. Ya ɗauko gilashi ɗaya ya ɗaga mini a hasken taga don in ga abin da ake magana a kai. Ba zan yi ƙarya ba, na ga ikon Allah. Ɗigo-ɗigo ba iyaka, ya nuna mini wani gungu ya ce kaza da 'ya'yanta ke nan, waɗanda Inna ke nuna mana muna yara. Idona ya kawo ruwa, shi kuma ya ɗauka na sauko.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaya sunan mahaifiyarka?"

Ya yi dariya, ya gyara gilashin idonsa, ya ce lemona zai huce. Bai faɗa ba. Na yi masa godiya na fito.

Ban sake tayar da maganar a gida ba, amma ban kuma sake tambayar labarin injin a kan tuwo ba. Shirun ya fi damun maigidana a kan faɗa. Da aka yi hutun ƙarshen zango, ogan ya yi tafiya, sai ya ce mini in yi masa addu'a, zai ɗora faifan. Ƙawata ta je ta taya shi. Ita ce ta ba ni labari daga baya: yadda suka kwashe aikin ɗalibai a wani faifai tukuna, yadda ya riƙa goge jan garin nan, yadda aka kai tambayar suna ya buga sunan sashen kawai. Ana dab da gamawa faifan ya tsinke. Ya liƙa shi, ya ƙarasa, injin ya tashi yana auna taurarinsa. Amma ɓangaren da ke zana taswirar sama ya tafi ke nan, bai sake aiki ba.

Ogan ya dawo ya ba shi takardar tuhuma. Kwas ɗin da aka yi masa alkawari a ƙasar waje aka ba wani. Ya shigo da labarin ba tare da ya ɗora mini laifi ba ko da kallo, ya ce Inna ta ciyar da shi abin da ya fi kwas. Na shiga ɗaki na yi kuka, don na san yadda yake son tafiyar nan, har kwat ya saya a gwanjo.

Na haihu, mace. Washegari abokan aikinsa suka zo barka, aka shimfiɗa musu tabarma a ƙofar gida, dab da tagar ɗakina. Ina kwance da jaririya a gefena, gwaggona tana haɗa ruwan wanka, na ji ɗaya yana cewa su ba za su daɗe ba, wance ta ƙi tashi tun safe. Wani ya ce ai tun da aka taɓa ta ba ta sake zama daidai ba. An cire sunan daga injin, maigidana ya rasa kwas a kai, amma yana nan daram a bakinsu. Ƙawata kaɗai ce ta daina, ita ce ma ke bin tsoffin takardu tana yage saman kafin masu shara su zo.

Gwaggo ta tsaya da tukunya a hannu. Ƙanwar Inna ce, amma Gwaggo muke ce mata. Ta ce, "Wa suke kira?"

Na ce, "Gwaggo, ki turo mini Malam."

Ya shigo ya tsuguna daga bakin ƙofa. Bai riga ya yi wa yarinyar huɗuba da suna ba, yana jiran mahaifina ya iso. Na ce masa na yafe alkawarin. Ba zan haifi 'ya in sa mata sunan da samari ke cewa ta cika nawa, ta ƙi tashi ba. Duk wanda ya ji sunan a sashen nan, injin zai tuna, har ya ce an yi wa kwamfuta takwara.

Ya ce, "Na cire fa."

Na ce, "Na sani, Malam. Allah Ya saka. Amma ka ji su."

Ya ji su, don har lokacin suna magana. Ranar suna aka raɗa wa yarinya sunan wata yayar mahaifinsa. Mahaifina, da ya zo da goronsa da ransa a kan jin sunan matarsa, ya shafa fatiha. Sai da zai tafi ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "Na ɗauka an yi magana." Na sunkuyar da kai. Ta yaya zan ce wa tsoho inji ya riga jikarsa?

Injin bai yi wasu shekaru masu yawa ba ya lalace, aka rasa kayan gyaransa, aka tura shi lungu aka ɗora masa tsoffin kujeru. Ɗaliban suka watse, sunan ya fita daga bakin mutane. Sai a kan 'yata ta uku muka cika alkawarin, muna kiranta Inna ƙarama. Mahaifina bai ga ranar ba, ya rasu kafin nan. Wannan ne abin da har yau in na tuna yake damuna, kuma ban san wanda zan kama da laifi ba, Baturen da ya ja kujera baya, ko mutumin kirkin da ya buga da yatsa.